WAIWAYE: Yadda aka rufe asibitin soja na Gore, aka tara gadaje a Dakar

Duk ma'aikacin da ya taɓa bin takardun wani ɗan'uwansa daga biro zuwa biro, yana neman izinin a kai shi magani Yamai ko a fitar da shi waje, ya san cewa a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka manyan likitoci da manyan kayan aiki a wuri guda suke, kuma wurin nan kullum babban birni ne. Ƴan kasuwa ma sun sani, tun da su ake bi rumfa-rumfa a tara kuɗin mota idan ciwo ya fi ƙarfin likitar gari. To, wannan tsari yana da mafari, kuma mafarin ya girmi ƴancin kan Nijar da shekara 80. A bakin teku aka soma shi, can Senegal, sa'ad da hukumar soja ta kawo shawarar a rufe asibitinta na tsibirin Gore, a kwashe aikinsa a haɗa cikin wani babba da za a gina a Dakar.

Gore ɗan tsibiri ne da tsawonsa bai cika kilomita 1 ba, faɗinsa kuwa kamar mita 300, yana da nisan wajen kilomita 3 daga Dakar. A yau an fi saninsa da tarihin cinikin bayi, amma a ƙarni na 19 gari ne na fatauci da barikin soja, cike da mutane maƙil. Ba shi da kogi, ba shi da rijiyar kirki. Ruwan sama ake tarawa a kwatarniya da randuna da manyan ramukan da aka gina ƙarƙashin gidaje. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta randuna, za a komo kanta. Faransawa suna da asibitin soja a tsibirin, suna da wani a Sanluwi, inda gwamna yake zaune, kuma likitocin duka biyun hafsoshin sojan ruwa ne, domin a zamanin ma'aikatar sojan ruwa ce ke riƙe da ƙasashen mallaka. Dakar kuwa sai a 1857 Faransa ta kafa tutarta a wurin, kuma har bayan shekara 20 ba ta wuce ƙaramin gari ba.

A daminar 1878 ciwon shawara ya sauka. Ya kama Gore da Dakar, ya wuce Rufisk, ya isa Sanluwi. Ciwo ne mai farawa da zazzaɓi da ciwon kai da na baya, ya yi kamar ya lafa, sa'an nan ya dawo da ɗorawar idanu da aman baƙin jini, cikin mako guda ko kwana goma a yi jana'iza. Ƴan ƙasa da yawa sun taɓa yin sa tun suna yara, jikinsu ya saba. Baƙin da suka sauko daga jirgi su ya yi wa kisan kiyashi. Ɗaruruwan Turawa suka mutu, kuma cikinsu har da likitoci da masu haɗa magani na soja fiye da 20, watau kusan dukan waɗanda aka ajiye don su yi maganin abin. Har yanzu akwai dutsen tunawa da su a Gore. Hausa da abin mamaki take: ciwon shawara ne ya haifi shawarar da ake magana a kanta, domin wajen 1880 aka tsai da cewa asibitin Gore ba wurin zama ba ne.

Zargin da aka yi wa asibitin shi ne cewa shi da kansa yake renon annobar. Ilimin likitanci na lokacin ya ɗauka cewa irin wannan ciwo daga gurɓatacciyar iska yake fitowa, iskar da ke tashi daga ƙazanta da laima da tsofaffin bangaye da shimfiɗun waɗanda suka mutu. In haka ne, magani shi ne a bar tsohon gini, a hau tudu, a yi ɗakuna masu faɗi da baranda inda iskar teku za ta riƙa ratsawa. Haka kuwa aka yi. Aka zaɓi wani tudu a kudancin Dakar mai kallon teku, aka gina ɗakuna a rarrabe, aka buɗe sabon asibitin soja a watan Agusta na 1884.

Sai dai mai laifin na ainihi yana cikin randa. Sauro ne, wani iri mai zanen fari a ƙafafu, wanda ya fi son ya yi ƙwai cikin ruwa mai tsabta da aka ajiye a gida, irin wanda kowane gida a Gore yake da shi. Wani likita ɗan ƙasar Kuba, Carlos Finlay, ya faɗi haka a 1881, lokacin ana tsakiyar shirin ginin Dakar, ba a saurare shi ba. Sai a 1900 likitocin sojan Amurka ƙarƙashin Walter Reed suka tabbatar da maganarsa. A wannan shekara ta 1900 ɗin ciwon ya sake faɗa wa Senegal, ya kuma komo Dakar a 1927, alhali sabon asibiti yana tsaye a kan tudunsa, iska tana ratsa shi yadda aka so.

Amma kada a ce shawarar ba ta da kai. Ko da an cire maganar iska, hujjojinta masu nauyi ne, kuma su ne dai hujjojin da kowane minista yake kawowa har gobe idan zai haɗe ma'aikatu biyu. Hukumar da ta binne likitoci 20 a damina guda, da wa za ta riƙe asibitoci biyu da ke kallon juna ta ƙetaren ruwa? Asibiti ɗaya yana nufin ɗakin magani ɗaya, madafa ɗaya, ɗakin fiɗa ɗaya, akawu ɗaya, mai gadi ɗaya. Ɗan kasuwar da ya taɓa rufe ƙaramin kantinsa na unguwa ya tara kaya a babbar kasuwa ya san wannan lissafi sarai. Bugu da ƙari, arziki da mulki duk sun fara ƙaura daga tsibirin zuwa gaɓa: ana gyaran tashar jiragen ruwa ta Dakar, kuma a 1885 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakaninta da Sanluwi, mai tsawon fiye da kilomita 260. Sojan da ya kwanta ciwo a cikin ƙasa ana iya ɗauko shi a jirgin ƙasa, in abin ya ƙi a sa shi a jirgin ruwa zuwa Bordo ko Marsai. Ga wanda aikinsa shi ne ya tsare lafiyar soja da ma'aikacin Bature, lissafin ya fita daidai.

Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne sauran jama'a. Ba a gina asibitin don masunci ko manomin gyaɗa ba, saboda haka ba a auna nisan da ke tsakaninsa da su ba. Wannan rashin aunawa shi aka gada.

Daga gini sai haɗewar ta koma kan ma'aikata. A 1890 aka raba likitocin ƙasashen mallaka da sojan ruwa, aka yi musu ƙungiya ta kansu. A 1900 doka ta mai da sojojin mallaka ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi, a 1903 likitocin suka bi su, a 1905 kuma aka kafa musu makarantar Pharo a Marsai, inda ake koya musu cututtukan ƙasashe masu zafi kafin a turo su. Sakamakon haka shi ne, kusan duk likitan Baturen da kakanni suka sani, ko na bariki ne ko na gari, hafsan soja ne mai igiya a hannun riga, wanda aka ba gwamna aronsa. Shi ya sa gidan likita na zamanin ya ɗauko halin bariki: layi, kiran suna, umurni, da majo mai tsawa. A 1895 aka haɗa ƙasashen yammacin Afirka na Faransa ƙarƙashin gwamna janar guda, a 1902 aka mai da hedkwatarsa Dakar daga Sanluwi. Wata ƙa'ida ta 1912 ta jera gidajen magani hawa-hawa kamar tsani: babban asibiti a sama, ƙananan asibitoci a ƙarƙashinsa, sa'an nan ƴan ɗakunan jinya na bariki a can ƙasa. Na Dakar shi ne kan tsanin, kuma sunan da ya samu ke nan, Hôpital Principal, wanda yake amsawa har yau. Ko ɗakin binciken ƙwayoyin cuta da Emile Marchoux ya kafa a Sanluwi a 1896 bai tsira ba, a 1913 aka kwashe shi zuwa Dakar, daga baya ya zama Institut Pasteur.

Wani abin lura shi ne, a daidai lokacin da ake haɗewa ta wannan gefe, ana rabawa ta wancan. A 1905 gwamna janar Ernest Roume ya kafa hukumar jinyar ƴan ƙasa, mai kasafin kuɗinta dabam. Gab da yaƙin duniya na farko aka buɗe wa baƙar fata asibitinsu a Dakar, ba nisa da na soja, wanda daga baya aka sa wa sunan Aristide Le Dantec. Gari ɗaya, tudu ɗaya, ƙofa biyu. Hujjar tsimin kuɗi da ta rufe Gore ba ta hana a yi madafa biyu da ɗakin fiɗa biyu ba a nan, domin abin da ake tsarewa ya fi kuɗi daraja a idon masu mulki. A 1914, da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta shiga Dakar, aka ƙone gidajen talakawa da dama, aka tura su wata sabuwar unguwa da aka kira Madina, duk da sunan kiwon lafiya. A cikin babban asibitin kansa ma gado yana bin muƙami: hafsa da ɗakinsa, ƙaramin hafsa da nasa, soja da nasa. Tsofaffin ma'aikata za su tuna da ɗakin kwana mai daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, da yadda ake duba matsayin mutum a takardar albashinsa kafin a nuna masa gado. Daga nan abin ya samo tushe.

A jikin asibitin baƙar fatan ne aka buɗe makarantar likitoci ta Dakar a 1918, inda ake horar da ƴan Afirka shekara huɗu su fito mataimakan likita. Felix Houphouët-Boigny yana cikin waɗanda suka fito a 1925. Komai ƙwazon ɗalibi, takardarsa ba ta kai ta Bature ba, kuma ƙarƙashin hafsa zai yi aiki. Duk da haka su ne suka riƙe gidajen likita na ƙauyuka, su da ungozomomin da aka horar a makarantar.

Ina Nijar a wannan tsani? A matakin ƙarshe. Ƙasar soja ce tun daga 1900, ba ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamnan farar hula ba sai a 1922, kuma likitocin farko tare da ayarin yaƙi suka shigo, aikinsu su duba hafsoshi da sojojin baƙar fata da ke bariki. Daga Damagaram, wadda ta riƙe hedkwata daga 1911 zuwa 1926, babban asibitin da ƙa'ida ta ce shi ne na kowa yana can bayan tafiyar makonni. Hanyar da ta fi sauƙi zuwa teku ma ta ƙasar Ingilishi ta bi, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma Kano ba ta kai kilomita 300 daga Damagaram ba. Watau an tsara kiwon lafiyar ƙasa bisa taswirar mulki, mutane kuwa suna tafiya bisa taswirar kasuwa. Har yanzu haka abin yake: mutumin Maraɗi ko Matamaye ya kan nufi Katsina ko Kano neman magani, na can ma su kan ƙetaro nan, kowa yana bin inda ya ji an ce akwai hannu mai kyau.

Da aka ɗauke hedkwata zuwa Yamai a 1926, cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa a Damagaram, ga Yamai kuwa a bakin kogi. Labarin Gore ya maimaita kansa ke nan a cikin tudu: gwamna ya tashi, ma'aji ya bi shi, babban likita ya bi ma'aji. Yankin da ya fi yawan jama'a da noma da ciniki, daga Tawa zuwa Maraɗi zuwa Damagaram, ya zama shi ne mai yin tafiya. Ba banza ba ne asibitin da ƴan mishan suka buɗe a Galmi a 1950, a ƙauye, a bakin hanya, ya yi suna har ƙetaren iyaka. Ya zauna ne inda mutane suke.

Gaskiya dai a faɗe ta, cikin likitocin sojan akwai waɗanda suka gane da wuri cewa gini ba ya tafiya. Eugène Jamot, a Kamaru cikin shekarun 1920, ya bar jiran majinyata a asibiti, ya shirya ƙungiyoyi masu yawo ƙauye-ƙauye suna tara jama'a, suna lalube wuya, suna duba jini, suna yi wa masu ciwon barci allura nan take. A 1939 aka kafa irin wannan hukuma a Bobo-Julaso ƙarƙashin Gaston Muraz, a 1945 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kuturta da wasu cututtuka. Hanyar tana da tilas a cikinta, sarki da dogari ne ke tara mutane, wanda ya ƙi fitowa ya gamu da fushin komandan, kuma wasu magungunan sun yi wa mutane lahani. Amma ta kai inda babban asibiti bai taɓa kaiwa ba. Shi kansa ciwon shawara da ya rufe Gore, ta wannan hanya aka karya lagonsa. A 1927 aka kama ƙwayar cutar a Institut Pasteur na Dakar, a farkon shekarun 1930 aka samu rigakafi, daga shekarun 1940 kuma aka shiga yi wa miliyoyin mutane lamba a dantse, ta shawara da ta agana a haɗe. Dattawan da ke da tabon lamba a hannu sun fi cin moriyar wannan ɗan tsagi bisa ga dukan barandun da aka gina a kan tudun Dakar. Wani likitan sojan, Léon Lapeyssonnie, shi ne ya zana a 1963 iyakar yankin da sanƙarau yake yi wa zuwa duk rani, kuma Nijar tana tsakiyarsa. Ciwon da ke kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu ba ya jiran a kai mutum babban birni.

Bayan ƴancin kai, haɗewar ba ta tsaya ba. A 1968 Faransa ta narkar da likitocin sojan ƙasa da na ruwa da na sama da na ƙasashen ƙetare cikin hukuma guda. Babban asibitin Dakar kuwa ya daɗe a hannun likitocin sojan Faransa bayan 1960, bisa wata yarjejeniya ta 1971, sai a ƙarshen 1999 aka sa hannu kan wadda ta mai da shi hannun Senegal. Yana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, amma yawancin masu kwanciya a cikinsa fararen hula ne, kuma yana cikin asibitocin da ake yabo a yammacin Afirka. A nan dole a ba masu shawarar 1880 haƙƙinsu: tara ƙwararru a wuri guda yana haifar da gwaninta, domin likitan da ke fiɗa kullum ya fi wanda ke yi sau ɗaya a wata. Ƙofa ta biyu kuwa, watau Le Dantec, asibitin talakawa, an rufe ta a watan Agusta na 2022 don a rushe a sake gini, aka rarraba majinyata da ma'aikata cikin sauran asibitocin birnin, masu wankin ƙoda da masu ciwon daji suka sha wuyar neman inda za su dosa. Ita ma Faransa abin bai bar ta ba. An rufe makarantar Pharo a 2013, a 2016 kuma aka rufe asibitin soja na Val-de-Grâce a Paris, inda shugabannin Afirka da yawa suka saba zuwa a duba su, aka raba aikinsa tsakanin wasu asibitocin soja biyu na kewayen birnin. Hujjar ita ce dai ta Gore, ban da maganar iska: gyaran tsohon gini ya yi tsada.

Saboda haka idan aka ji wata hukuma ta ce za ta haɗe asibitoci biyu don a samu inganci, ba lalle ƙarya take yi ba. Abin tambaya shi ne inda rarar za ta tafi. In an rufe ƙaramin wuri, aka sayi motar ɗaukar majinyata da kuɗin, aka gyara hanya, aka bar majo da ungozoma da magani a garin, to an yi ciniki mai riba. In kuwa rarar ta tsaya a babban birni, abin da aka yi shi ne an sauke kuɗin daga wuyan baitulmali an ɗora a wuyan dangin majinyaci: kuɗin mota, kuɗin masauki, abincin mai jinya, kantin da aka rufe mako uku, gonar da ba a nome ba. Wannan kashe kuɗi ba ya fitowa a kasafin kowace ma'aikata, shi ya sa mai lissafi a biro ba ya ganinsa. Masu mulkin mallaka suna da uzurin cewa ba don talaka suka yi lissafinsu ba tun farko. Gwamnatin ƴan ƙasa ba ta da wannan uzuri.

Nijar ta fara horar da likitocinta a Yamai cikin shekarun 1970, ta kuma buɗe babban asibitin ƙwararru mai gado 500 a Yamai a 2016, daga baya aka yi wa Maraɗi nata, abin da ya rage wa gabas tafiya ƙwarai. Mutanen Gore, su da aka fara rufe wa asibiti, in ciwo ya yi tsanani jirgin ruwa suke shiga, cikin minti 20 sun sauka Dakar. Daga Tawa zuwa Yamai kilomita 550 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Difa kuwa fiye da 1.300.